Tukunyar Jego a Hanyar Abuja

Autata tana da kwana uku da haihuwa, haihuwar fari, na kira ta a waya da hantsi na tambaye ta wa ya yi mata wankan safe. Ina jin kukan jinjirin a gefenta. Can ta ce, "Inna, na yi wanka."

Na ce, "Ban tambaye ki ko kin yi ba. Cewa na yi wa ya yi miki?"

"Ni na ɗora ruwan. Ba wani nauyi, a tukunyar tuwo ne."

Na ce to, Allah ya raya, na kashe wayar. Na daɗe zaune a bakin gado da ita a hannu. Mai jegon kwana uku, ita ke hura wuta, ita ke sauke tafasasshen ruwa, kuma uwarta tana raye a unguwar Kakuri ta Kaduna tana cin tuwo.

Mijinta malamin firamare ne a wani ƙauye da ke cikin hanyar Abuja, tsakanin Doka da Katari, in ka sauka a titi sai ka ɗan taka zuwa ciki. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami. Matan maƙwabta suna leƙa ta, amma kaka ce, kowa yana gona daga safe har yamma. A ƙa'ida tun cikin yana wata bakwai ya kamata a kawo mini ita gida goyon ciki, ta haihu a gabana, in yi mata wankan jego safe da yamma har kwana arba'in. Ba a kawo ta ba, saboda a lokacin nan ne masu satar mutane suka matsa wa hanyar, kuma ba wanda ya yarda a ɗora mai tsohon ciki a kanta. Ni ma na yarda da hakan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ni ma in zauna.

Ni 'yar hanyar nan ce. A gefenta aka haife ni, a wani ɗan ƙauye gaba da Kakau. Babanmu lebura ne cikin masu gyaran ta da diga da shebur, lokacin tana layi ɗaya, in manyan motoci biyu suka haɗu sai ɗaya ta sauke ƙafa a ƙasa. Yakan dawo gida da kwalta a diddige, innarmu ta goge masa da kananzir. A lokacin in an ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi, mutane ma sun fi ce mata hanyar Lokoja. Ta kanta aka kawo ni Kakuri amarya a bayan a-kori-kura, lokacin maigidana Malam yana aiki a masaƙa, jiniyar kamfani ce ke gaya wa unguwa lokaci. Ina goyon ɗana na biyu, zamanin mulkin soja, aka raba ta biyu, masu zuwa daban masu dawowa daban. Muka je gida muka tarar an ture mangwaron da muke gane ƙauyenmu da shi, an mayar da gidanmu baya.

Kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci, da ido nake sanin garuruwanta: inda ake jera itace da gawayi, inda ake tara doya kamar an yi gini, inda manyan motoci ke yin layi. Da na iya haɗa baƙi, allunan hanyar ne farkon abin da na karanta a wajen aji. Gonin Gora, Kakau, Sabon Gayan, Rijana, Doka, Katari, mararrabar Jere, Tafa, Sabon Wuse, har Zuba. Ina karantawa a hankali, leɓena yana motsi, wani lokaci kafin in gama mota ta wuce allon. Masaƙa ta rufe, hanya ta farfashe, aka yi ta faci, aka zo aka fara sake ta gaba ɗaya ana karkatar da motoci hannu ɗaya. Duk ina kallo. Ban taɓa zaton zan ga ranar da za a ce uwa ta nemi izinin ɓarayi kafin ta bi ta ba.

Da Malam ya dawo daga tiredarsa cin abincin rana na gaya masa. Ya ajiye cokali.

"Ke kina jin rediyo kuwa?"

"Ina ji, Malam."

"To a samo wata mata a can ta riƙa yi mata. Ko ki bari hanya ta lafa."

"Jego ba ya jiran hanya, Malam."

"To jirgin ƙasa fa?"

Na ce jirgi zai ratsa daji da ni ya ajiye ni inda sai na sake neman mota na hau hanyar da ake gudu. Ya ce shi dai bai amince ba, kuma kada in sake tayar da maganar. Ban sake ba. Shekara arba'in ba kaɗan muna tare, bai taɓa jin na ɗaga masa murya ba, kuma ban taɓa fita bai ce in fita ba.

Sai na shiga ɗakin ajiya na jawo tukunyar. Babbar tukunyar ƙarfe ce, ta innarmu, a cikinta aka dafa mini ruwan jegon 'ya'yana duka, rabin matan layinmu ma sun are ta. Na wanke ta da toka da soson ƙarfe. Na jera gero da kanwa da yajin jego da busasshen ƙauri a ciki, da zannuwa biyu, na aika aka saro mini ganyen darbejiya na danna a sama, na rufe na ɗaure da tsumma. Na kai ta bakin ƙofar ɗakin Malam na ajiye, daidai inda yake sa takalmi.

La'asar ya kewaye ta ya wuce masallaci. Magariba ya kewaye ta. Washegari da asuba na ji ƙafarsa ta buge ta, ya yi salati. Na kai masa koko. Ya sha rabi, ya tsaya yana kallon tukunyar.

"Wannan abin sai yaushe zai bar ƙofata?"

"Sai ranar da ka ce ya tafi."

Ya shafa gemu. Na san ba tsoron kansa yake ji ba, kuma yarinyar nan shi ya fi ni shagwaɓa ta. Ya ce, "In wani abu ya same ki, me zan ce wa yara?"

Na ce, "Ka ce musu na tafi wurin ƙanwarsu."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da hularsa, ya tare mai keke-napep da kansa. Shi ya kama mini kunnen tukunyar ɗaya har tasha.

A tasha na gaya wa ɗan kamasho inda zan sauka, na faɗa masa sau biyu. Ya ce, "Shiga kawai, Mama, ba matsala, har ƙofar gida." Aka tura tukunyar can ƙasan but ɗin bas, aka ɗora mata buhuna da jakunkuna, aka ɗaure da igiya. Ashe bai gaya wa direba komai ba, shi dai mota ta cika.

Na samu kujerar tsakiya. A damana wata 'yar Ibo ce mai shagon kayan gyaran mota a Kakuri, na san fuskarta a kasuwa, mun gaisa. A haguna wani Alhaji ne cikin farar shadda, da waya biyu a hannu. Direban ba zai wuce sa'ar babban ɗana ba. Ya yi bisimilla, 'yar Ibo ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, muka ɗau hanya wajen ƙarfe goma.

Har Gonin Gora ana hira. Daga Kakau hira ta fara raguwa. Na leƙa ta taga ina neman ƙauyenmu, na ga rufin kwano biyu-uku da masallacin da ba fenti, muka wuce. Motoci sun jeru suna bin juna, ba mai son ya zama na gaba, ba mai son ya zama na ƙarshe. A da duk tsawon nan mata ne da yara a bakin titi suna ɗaga wa mota masara da gyaɗa da ayaba. Ranar rumfuna na gani da yawa babu kowa a ciki, ciyawa ta fito ta cikin tebura.

Da muka wuce Rijana na ɗan matsa gaba na ce, "Direba, in an wuce Doka kaɗan akwai wata 'yar hanya a hannun hagu wajen tsohuwar rumfar doya. A nan zan sauka."

Ya dube ni ta madubi. "A ina?"

Na maimaita.

"Mama, wa ya ce miki ana tsayawa a nan? Daga Doka har Katari ƙafata ba ta taɓa burki. Ko taya ce ta fashe a kan ƙarfe zan ƙarasa."

"Na gaya wa ɗan kamasho."

"Ɗan kamasho yana can yana shan shayi! Ni ke kan hanya. In kai ki Katari ki nemi mai babur ya dawo da ke."

"Mai babur zai ɗauki tukunyata?"

"Wace tukunya? Wannan rijiyar da ke ƙasan kaya taki ce? Inna lillahi. Mama, kafin a kwance igiyar nan a sauke buhuna a mayar, minti nawa ke nan a tsakiyar daji? Motocin da nake bi su tafi su bar ni? Abokina a daidai wajen nan ya tsaya duba ruwa, wata biyu ya yi a hannunsu. Ba na tsayawa."

Ban ga laifinsa ba. Ina tunanin abin da zan ce masa ke nan sai Alhajin nan ya gyara zama, ya janye rigarsa daga jikina, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Direba, kada ka kuskura. Haka suke yi yanzu. Su samo tsohuwa su sa a mota, ta ce a tsaya a daji, kana tsayawa su fito. Wa ya san ta? Wa ya san abin da ke cikin tukunyar?"

Na ga wata mata a gaba ta juyo tana kallona, ta ƙanƙame jakarta.

An sha gaya mini magana a duniya na haɗiye. Wannan ta ƙi wucewa. Amma muryata ba ta tashi ba, don ban iya ba. Na ce, "Alhaji, kwaltar da kake tafiya a kai, ubana ya zuba ta farko da hannunsa. A gefen hanyar nan aka binne cibiyata. Mutanen da kake tsoro jiya-jiya suka zo. Sun kori masu doya, sun kori masu masara, sun hana 'yata zuwa gida ta haihu. Yanzu kuma kai ka ba su ni kyauta, ka ce tasu ce? Ni ba tasu ba ce, hanyar ma ba tasu ba ce."

Ya ce, "Ni ban zage ki ba, Hajiya, zamani ne."

"Ban je Makka ba tukuna. Direba, akwai shingen jami'an tsaro a Doka, ko? Ai a nan kana tsayawa."

"Dole."

"To a nan za a fito da tukunyar, Alhaji ya duba."

A shingen Doka direba ya faka yana ta mita. Shi da wani fasinja suka kwance igiya, suka sauke buhuna, suka jawo ta. Na kwance tsumman da kaina a gaban kowa, har wani jami'i ya matso yana leƙe. Na ɗaga ganyen darbejiya na ce, "Alhaji, ga bindigar." Na ɗaga ƙullin kanwa da na yaji na ce, "Ga harsashi." Na ɗaga ƙaurin. Jami'in ya fashe da dariya ya ce, "Mama, jego ne? Namiji ko mace?" Na ce namiji, yau kwana huɗu, kuma uwarsa ita ke dafa wa kanta ruwa.

'Yar Ibon nan ta dafe ƙirji. "Ita kaɗai? Kwana huɗu? Kai, Mama!" Ta juya kan direba da Hausarta ta kasuwa. "Oga direba, mu ma a garinmu uwa ce take zuwa. Ni da na haihu, mamana daga ƙauye ta zo, kwana biyu a mota, da busasshen kifi a kai. Kai wa ya yi wa mamanka wanka da ta haife ka? Ko daga sama ka faɗo da lasin a hannu?"

Aka yi dariya, har matar da ta ƙanƙame jaka. Direba ya ce, "Madam, ni ban ƙi jego ba, tsayuwar ce matsala."

Na ce, "Ɗan nan, abin da kake tsoro kwance kaya ne, ga shi an kwance. Kada a mayar da ita but. Zan koma bakin ƙofa in riƙe ta a cinya. In mun kai, ka tsaya, in sauka, ka tafi."

Ya dubi tukunyar, ya dube ni. "Zan rage gudu sosai."

"Ni ba buhu ba ce da za a mirgino. Tsayawa za ka yi cak."

Ya share zufa da gefen rigarsa. "Goma zan ƙirga, Mama. Wallahi goma."

"Ta ishe ni."

Tukunyar ta fi cinyata faɗi. Rabinta a kaina, rabinta a kan 'yar Ibo, kunnenta ɗaya kuma yana zungurar gwiwar Alhaji, wanda yanzu ya koma ta ciki. Duk wankin da na yi mata sai da ta bar masa baƙin layi a shadda. Ya duba, ya buɗe baki, 'yar Ibo ta ce, "Alhaji, albarkar jariri ce, kada ka wanke." Ya rufe bakinsa. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Allah ya raya shi." Na ce amin.

Daga Doka direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ina kallon hagu, ina kallon bishiyoyi. Na hango rumfar, rufinta ya rusa gefe guda. Na ce, "Ga ta nan."

Ya taka burki. Fasinjan da ke gaba ya miƙo hannu ya ja ƙofa. Na sauko da ƙafa ɗaya, gwiwata ta ƙi miƙewa saboda zama. Ina jin direba yana cewa, "Uku, huɗu." 'Yar Ibo ta turo tukunyar, Alhaji ya tallafo ta ta ƙasa da hannunsa biyu, wayoyinsa suka zube a ƙasan mota. Na karɓa na dire a gefen titi. Direba ya kai goma, bai tafi ba. Ya leƙo ya ce, "Mama, ba wanda zai tarye ki?"

"Ban gaya musu ba, da sun hana ni. Tafi, motocinka sun yi nisa."

"Ki yi mana addu'a."

"Allah ya kai ku lafiya. Tafi."

Suka tafi. Ƙarar motar ta ɓace, sai kukan tsuntsaye. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Na tsaya na jira hannun da ke dawowa Kaduna ya yi sarari, na ja tukunyar na tsallaka titin biyu, ina hutawa a tsakiya. Na naɗe ɗankwalin da ke jakata na yi gammo. Ba mai ɗora mini, sai na jingina ta da teburin rumfar, na durƙusa na shiga ƙarƙashinta na miƙe a hankali. Na ce a raina, duk wanda ke cikin dajin nan yana kallo, to ya kalla da kyau, wankan jego zan je.

Ban gamu da kowa ba sai wani tsoho da ke dawowa daga gona da kai na dawa. Ya tsaya ya ce, "Baiwar Allah, daga titi? Mota ta tsaya miki?" Na ce ta tsaya. Ya girgiza kai, ya nuna mini gidan malamin makaranta, mai ƙofar langa-langa kusa da rijiya.

Na yi sallama ba a amsa ba, na shiga. Tana tsugune a bakin murhu da zani ɗaurin ƙirji, tana hura ɗanyen itace, hayaƙi ya cika mata ido. Ƙafafunta sun kumbura. Ga 'yar tukunyar tuwon a kan wuta, ruwan cikinta ko alwalar mutum biyu ba zai yi ba. Ta ɗago ta gan ni da tukunya a ka, ta kasa tashi.

"Inna? Ta ina kika biyo?"

"Ta hanya. Kama mini in sauke. A'a, bari, kada ki taɓa, ke mai jego ce."

Na durƙusa na sauke da kaina. Sai a lokacin ta fara kuka, irin wanda ba sauti. Na ce ta tashi daga gaban wutar ta shiga ɗaki ta kawo mini angon nawa in gani. Na karɓe shi na duba cibiyarsa, na duba idonsa, na yi masa addu'a na mayar mata.

Murhunta ya yi wa tukunyata kaɗan, sai na samo manyan duwatsu uku a bayan gida na kafa sabo. Mijinta ya dawo daga makaranta ya tarar da ni ina jan ruwa a rijiya, ya zube ƙasa yana gaisuwa, kunya ta hana shi ɗago kai. Na ce gaisuwa ta isa haka, ya nemo mini busasshen itace. Kafin la'asar ruwa ya tafasa, warin darbejiya ya cika gidan. Na dama kunu, na rage kanwa kamar yadda ma'aikatan asibiti suke ce mana yanzu, na surka ruwan daidai yadda fata za ta ɗauka.

Na zaunar da ita a kan turmi a bayan ɗaki. Na tsoma damin ganyen na kaɗa mata a baya. Ta zabura.

"Wayyo Inna, da zafi!"

"Na kwana huɗu nake biya. Juyo."

Ta juyo tana dariya tana hawaye. Na ci gaba da kaɗawa, kafaɗa, baya, ƙugu, har ƙafafun da suka kumbura, ina dannawa a hankali. Tururi ya rufe mu. Na ji jikinta ya saki a hannuna, ta jingina kanta da cikina kamar lokacin da take ƙarama. Wayata tana ta ƙara a cikin ɗaki, na san Malam ne. Na ɗaga murya kaɗan na ce wa mijinta ya ɗauka, ya ce masa na iso, hannuna a cikin ruwa yake, kuma kada ya sa ido sai bayan arba'in.